Ɗaga Bayan Motar Shiga Daji

Ɗaga bayan mota wani gyara ne da akeyiwa motoci masu jan taya huɗu, irinsu Hilux, Land Cruiser, Prado, Pajero da Patrol, inda ake ƙara tazarar dake tsakanin shasi da aksul ɗin baya ta hanyar canza sifirin ko ƙara masa wani abu, sannan a daidaita shokozoba da sauran kayan da suke tafiya tare dashi. Yawanci abinda ake ɗagawa baya wuce milimita 40 zuwa 50, wato inci 2 kenan a bakin makanikai, duk abinda ya haura haka ya zama babban aiki saboda sai an taɓa farfela (sandar da take kai juyin inji zuwa aksul), birki da sandunan dake riƙe aksul.

A Legas masu neman wannan aikin kala biyu ne. Akwai masu shiga yashi da taɓo ta wajen Ibeju-Lekki, Epe da Badagry, masu kai kayan gini da masu duba filaye, sai kuma ƴan kasuwa, irin mutanenmu na Mile 12 da Agege da suke loda Hilux da buhuna har bayanta ya zauna ƙasa gaba ya ɗaga sama. Gaskiya kashi na biyun da yawansu ba ɗagawa suke buƙata ba, sifirin ne ya gaji ya miƙe, abinda motar take nema shine a maida ta tsayinta na kamfani. Shiyasa makanike mai hankali yakan fara da awo, a aje motar a fili mai lebur ba kaya, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodin dake samanta, hagu da dama, gaba da baya. A-kori-kura dama daga kamfani bayanta ya ɗan fi gaba tsayi in babu kaya, da gangan akayi haka dan in an loda ta daidaita.

Abinda ɗagawar take ƙarawa da wanda bata ƙarawa

Nan ne mutane da yawa suke rikicewa. In ka ɗaga sifirin, bodi da shasi da tankin mai da bamba ne suke hawa sama, amma aksul yana nan inda yake tunda akan tayoyi yake zaune. Tulun aksul ɗin nan na tsakiya, wanda shi yafi komai kusa da ƙasa kuma shi yake fara dukan dutse ko kafewa a tudun tsakiyar hanya, tsayinsa daga ƙasa ko milimita ɗaya baya ƙaruwa. Taya mai girma ce kawai take ɗaga shi, itama rabin girman da aka ƙara mata ne yake zama tsayi. Amfanin ɗagawar shine bamban baya ya daina shafar ƙasa in ana fita daga kwari ko gangare, cikin motar ya daina kwanciya akan tudu, a samu wurin saka babbar taya, kuma in sifirin mai ƙarfi aka saka motar ta ɗauki kaya bata durƙusa ba. Maganar ruwan damina kuwa, irin wanda yake kwanciya a Lekki da Ajah, ɗaga baya kaɗai baya hana inji shan ruwa, ta gaba yake shaƙar iska.

Motoci masu sifirin falle-falle

Hilux da Land Cruiser a-kori-kura samfurin 79 sifirin bayansu fallayen ƙarfe ne da aka jera ɗaya kan ɗaya, an ɗaure su da santa-bol a tsakiya, yu-bol kuma ya manne su da aksul. Gaban sifirin a kafe yake jikin shasi, bayansa kuma yana lilo akan wani ɗan ƙarfe da ake kira shakul.

Hanya mafi kyau itace a sauke tsohon gaba ɗaya a ɗora sabon da aka ƙera da lanƙwasa mai zurfi. Kamfanonin Ostareliya sun shahara a wannan, irinsu Old Man Emu na ARB, Ironman 4x4 da Dobinsons, kuma suna raba sifirin ɗinsu gwargwadon nauyin da mota take ɗauka kullum, akwai na mota mara kaya, akwai na matsakaici, akwai na mai kaya dindindin. Wanda ya sayi na manyan kaya alhali shi kaɗai yake yawo daga Obalende zuwa ofis, toh duk rami sai yaji shi a ƙugunsa, bayan motar zai dinga tsalle kuma taya bata kama ƙasa sosai akan jiƙaƙƙen titi.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan ƙara falle ɗaya ko biyu cikin tsohon sifirin. Yana ɗagawa, yana ƙara ƙarfi, amma in tsofaffin fallayen sun riga sun gaji sabon ne zai ɗauki duk wahalar, ba'a jimawa shima ya bisu. Dole a saka santa-bol mai tsayi da sabbin yu-bol.

Akwai dogon shakul. Lissafinsa mai sauƙi ne, tunda a ƙarshen sifirin guda ɗaya yake, rabin tsayin da aka ƙara masa ne yake fitowa, in an ƙara milimita 50 motar zata hau kusan 25. Kaɗan ba laifi, amma wasu masu walda sukan yanko ƙarfe su huda su haɗa shakul doguwa sosai, sai bayan mota ya dinga kaɗawa gefe da gefe a kwana, bushin (robobin dake mahaɗar sifirin) kuma su dinga cinyewa da wuri.

Sai bulo, wato dunƙulen ƙarfe ko alminiyom da ake cusawa tsakanin sifirin da aksul. Wannan yana ɗagawa ne kawai a motar da sifirin ɗinta yake saman aksul, in a ƙasa yake to bulon sauke motar zaiyi. Arha gareshi kuma baya taurara tafiya, sai dai baya ƙara ƙarfin ɗaukar kaya ko kaɗan, kuma yana nesanta aksul da sifirin ta yadda in aka bada wuta cikin yashi aksul ɗin yakan murɗa sifirin, tayoyin baya su fara tsalle suna haƙa. Ɗora bulo akan bulo haɗari ne tsantsa, ɗaya na iya sulɓewa.

Abinda akafi yi a bakin titi shine sake lanƙwasa tsohon sifirin, a kwance shi falle-falle a dinga dukansa da babbar guduma akan maƙera har ya koma baka. In a sanyi akayi kuma mai aikin ya iya, yakan ɗan riƙe na wani lokaci. Wanda ake hura masa wutar gas har yayi ja kuwa an kashe shi, saboda ƙarfin sifirin daga toyawar da kamfani yayi masa yake, wuta tana warware wannan, ko ya sake kwanciya cikin ƴan watanni ko ya karye da kaya akai.

Motoci masu koyil

Prado, Land Cruiser daga samfurin 80 zuwa sama da Patrol ta Y61 bayansu sifirin murɗaɗɗe ne. Anan ko a saka koyil mai tsayi, ko a ɗora roba mai tauri a samansa, robar tsayi kawai take bayarwa. Matsalar da take biyo baya itace sandar nan da take kwance a karkace daga shasi zuwa aksul mai hana shi tafiya gefe, da an ɗaga sai ta janyo aksul ɗin zuwa ɓangare ɗaya, kaga taya ɗaya ta leƙo waje ɗaya ta shige ciki. A inci 2 abun kaɗan ne, sama da haka sai an saka sanda mai daidaituwa. Lexus GX470 da wasu Prado balan-balan iska ne a bayansu, in ya fashe da yawa a Legas koyil suke mayarwa, Lexus LX470 kuma tsarin matsin mai gareta da take hawa da sauka da kanta, ba'a yi mata irin wannan aikin kai tsaye.

Kayan da ake mantawa dasu

Shokozoba shine yake iyakance inda aksul zai sauka, in aka bar gajeren na kamfani zai dinga kaiwa ƙarshe yana buga ƙau a kowane rami har ya fara zubda mai. In kuma yayi tsayi fiye da kima shi zai dinga karɓar duka lokacin da mota ta dannu.

Birki yafi komai muhimmanci. Tiyon birkin dake saukowa daga shasi zuwa aksul, wayar ABS (na'urar da take hana taya ƙamewa in an taka birki), wayar hambirki da ɗan tiyon numfashin aksul duk sai an jake motar ta shasi an bar aksul ya rataya an ga basu ɗame ba. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser kuma suna da wani bawul a baya mai sanda haɗe da aksul, aikinsa ya gane nauyin kaya, in mota ta dannu ya ƙarawa birkin baya ƙarfi, in ta ɗaga ya rage. Da an ɗaga bayan sai bawul ɗin ya ɗauka kullum motar ba kaya, ya rage birkin baya koda an loda ta taf, direba yaji birki baya ci kamar da ya rasa dalili. Maganinsa ɗan ƙarfe ne da ake ɗaga mazaunin sandar dashi daidai tsayin da aka ƙara, aikin mintoci, amma makanikai da yawa basa kula dashi.

Farfela ma kwanarta tana canzawa, alamar itace rawa ko gurnani ƙarƙashin kujera lokacin tashi ko a wani gudu na musamman, in aka ƙyale kuros, wato gaɓar da farfelar take lanƙwasawa a kanta, shi zai lalace. Ana gyarawa da siririn ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin sifirin, ko a ɗan sauke boris ɗin tsakiya in farfelar mai gaɓa biyu ce. Notunan bushin ba'a ɗaure su tamau sai an sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, yu-bol kuma a koma a sake ɗaure su bayan ƴan kwanaki ana tafiya, sukan saki. Fitilun gaba suma sai an saita, baya in ya hau haskensu ƙasa yake komawa.

Kaya da doka a Legas

Ladipo a Mushin nan ne matattarar kayan tokumbo, wato na hannu da ake shigowa dasu daga waje, sabbi kuma akwai su a ASPAMDA cikin Trade Fair kan hanyar Badagry. Sifirin tokumbo a sayi biyu tare a kifa su gefe da gefe a ƙasa aga lanƙwasarsu ɗaya ce, in ba haka ba mota zata karkace. Jabun shokozoba mai fenti da sitika na manyan kamfanoni yayi yawa a kasuwa, fenti baya nuna komai. Wajen sabunta takardar lafiyar mota, cibiyoyin gwaji na kwamfuta na jihar Legas suna duba birki, shokozoba da saitin fitila, dan haka aikin da akayi rabi da rabi yana iya fitowa a can. Ɗagawar bata ƙara nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka, aksul da birki da taya sune dai na da, kuma mota mai tsayi tafi saurin kifewa a kwana mai kaifi ko in an kauce da sauri, musamman in akwai kaya a saman rufi.