La Bamba: amsar tambayoyin da na gaji da ji

Tambayoyin kullum a kan La Bamba, waƙa da rawar nan ta Meziko, su ne dai, sai mai yi ya canja. Ga amsa a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Ba waƙar Ritchie Valens, mawaƙin nan na Amurka, ba ce?

A'a. Aro ya yi. A 1958, yana ɗan shekara 17, ya sa mata jita mai lantarki da gangar rock and roll, sannan ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 3 ga Fabrairu 1959. An riga an ɗauki waƙar a faifai a Meziko tun ƙarshen shekarun 1930, kafin a haife shi. Wadda yawancinku kuka sani ma ba muryarsa ba ce, ta ƙungiyar Los Lobos ce ta 1987.

To wa ya tsara ta?

Ba ta da mai ita. Ta mutanen kudancin jihar Veracruz ce, a gaɓar Tekun Meziko, yankin kogin Papaloapan. Irin kiɗanta ana ce masa son jarocho.

Akwai alaƙa da Shehu Ahmadu Bamba na Sanagal?

Babu. Ko kusa.

Amma an ce akwai jinin Afirka a ciki?

Wannan kam gaskiya ne. Tashar jiragen ruwa ta Veracruz ce babbar ƙofar da Sifaniyawa suka shigo da bayi Meziko, yawancinsu a ƙarni na 17 daga Angola da Kwango. A duwatsun jihar nan ne Gaspar Yanga da bayin da suka gudu suka tsaya wa sojan Sifaniya a 1609, har yau akwai gari mai sunansa. Daga Sifaniya aka samo tsirkiya da tsarin baiti, salon amshi da yadda kiɗan ke juyawa a wuri ɗaya ba gajiya kuma masana na danganta su da Afirka, duk suka haɗu a ƙasar 'yan asalin wurin. Sai dai a daina cewa waƙarmu ce aka sace. Afirka da faɗi take, kuma cakuɗar a can aka yi ta.

Me baitukan ke cewa?

Wanda kowa ya haddace yana cewa mai son taka wannan rawa sai yana da ɗan iya taku. Wani kuma namiji ne ke cika baki, wai shi ba ƙaramin ma'aikacin jirgi ba ne, kyaftin ne. Akwai mai cewa hawa sama sai da tsani babba da wani ƙarami. Zolaya ce da neman aure da fariya irin ta garin bakin teku. Kada ku wahalar da kanku neman "cikakkun baituka": mawaƙi na jefa nasa a take, wani ya amsa masa, kowane gari da nasa.

Muna so mu yi rawar a ranar al'adu ta makaranta. Yaya ake ɗaure ƙyallen nan da ƙafa, kuma wane faifai za mu sa?

To, nan ne aikin, kuma amsar ta danganta da abin da kuke so ku nuna.

A bikin aure a Veracruz akan shimfiɗa dogon jan ƙyalle a ƙasa, ango da amarya su riƙa tura shi da ƙafa suna taka rawa, ba sa hannu, har ya ƙullu ya yi kunnuwa biyu, sannan su ɗaga wa jama'a su gani. Alamar ƙulluwar aure ke nan. Ku nemi ƙyalle mai ɗan nauyi, mara santsi, don mai sheƙi zamewa yake yi. Ku fara koyon ƙullin ba kiɗa, ku maimaita har ƙafa ta saba, sannan ku haɗa da taku. Idan ya warware a gaban mutane ba abin kunya ba ne, a yi dariya a sake.

Faifan Valens bai fi minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba, ba zai ishi mai koyo ba, kuma bugunsa ba na wannan taku ba ne. Ku nemi na makaɗan jarocho, inda za ku ji jarana, ƙaramar jita da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, da requinto mai fitar da amon waƙar, wani lokaci da garaya mai tsirkiyoyi da yawa da suke kira arpa. Wasu ma har muƙamuƙin jaki suke bugawa, haƙoran na kaɗawa.

Abin da kowa ke mantawa shi ne daɓen. A can ana rawar ne a kan tarima, dandamalin katako mai rami a ƙarƙashi, domin dunduniyar mai rawa ita ce gangar. A kan siminti sautin mutuwa yake yi, gwiwa kuma ta ji jiki. Kafinta zai iya haɗa muku ƙarami, amma ku gwada ƙarfinsa kafin ranar.

Sai batun tufafi. Farar riga mai faɗi da baƙin ƙyallen gaba da mahuci ga mace, fararen kaya da jan hankici a wuya ga namiji, wannan shigar dandalin wasa ce, irin ta ƙungiyar rawa ta Ballet Folklórico de México da Amalia Hernández ta kafa a 1952. Ba laifi ku sa, amma ku faɗa wa masu kallo. A fandango na ƙauye, taron dare da ake kewaye tarima, mutane da kayansu na yau da kullum suke zuwa.

Idan kuma makarantarku ba ta yarda namiji da mace su taka tare ba, to La Bamba ba taku ba ce, domin ta mutum biyu ce, mace da namiji. Ba sai kun lanƙwasa ta ba. Akwai waƙoƙin jarocho da mata zalla ke hawa tarima, kamar El Siquisirí da ake buɗe taro da ita. Ni da wannan zan ba ku shawara, ko da yake masu kallo ba za su san amon ba.

Me ya sa ita ta yi fice cikin sauran?

Rediyo da silima da siyasa. Andrés Huesca, mai kaɗa arpa, ya yaɗa ta a birnin Meziko a shekarun 1940, Miguel Alemán ɗan Veracruz kuma ya yi yaƙin neman zaɓe da ita, ya mulki ƙasar daga 1946 zuwa 1952. A hanya aka ƙara mata sauri, aka gajarta ta.

Har yanzu ana yin na gargajiyar?

Ana yi, ku kwantar da hankalinku. Ya yi sanyi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sai ƙungiyoyi irin su Mono Blanco suka farfaɗo da fandango daga ƙarshen shekarun 1970. Mai hali ya je garin Tlacotalpan a jihar Veracruz lokacin bikin Candelaria, ƙarshen Janairu zuwa 2 ga Fabrairu, inda makaɗan jarana ke taruwa kowace shekara. Mara hali ya rubuta "fandango jarocho" a YouTube, ya zaɓi bidiyon da ake jin ƙafa a ciki.