Shari'ar Ogiek: ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun ranar da na yi bayani kan shari'ar mutanen Ogiek da gwamnatin Kenya a kan ƙasarsu ta gado ake ta turo mini tambayoyi iri ɗaya. Don Allah ku karanta wannan kafin ku sake turowa.

Su wane ne Ogiek ɗin?

Mafarauta ne masu cin zuma a dajin Mau na ƙasar Kenya. A 2009 hukumar gandun daji ta ba su kwana 30 su tashi.

Sun yi nasara?

Sun yi. Ranar 26 ga Mayu 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha, ƙasar Tanzaniya, ta ce Kenya ta tauye musu haƙƙi. A 2022 ta umarci Kenya ta biya su diyyar shilin Kenya miliyan 157 da ɗoriya, ta kuma ce a shata musu iyaka a ba su takardar mallaka ta al'umma.

To ai ba su da takardar fili tun farko?

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai. Kakanka da takarda ya sari gonarsa? Kotu ta karɓi zamansu tun kaka da kakanni a matsayin hujja. Gwamnati ta ce daji take karewa, amma ta kasa nuna cewa su ne suka cinye shi, alhali ga masu saran katako da baƙin da suka kwararo.

Mu ma an tashe mu daga ƙasar gado. Mu wuce Arusha?

Ku dakata tukuna. Najeriya ba ta amince mutum ya shigar da ita ƙara kai tsaye a Arusha ba. Kenya ma haka, shi ya sa ƙarar Ogiek ta bi ta Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, ƙasar Gambiya, ita ta miƙa ta kotu a 2012. Banjul kuwa yawanci sai kun gama da kotunan gida. Kotun ECOWAS da ke Abuja ba ta gindaya wannan sharaɗi, amma aiwatar da hukuncinta wani aiki ne daban.

A gida, Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka sau da yawa shari'a takan ƙare ne a kan diyyar gini da amfanin gona, ƙasar kuwa ta tafi. Duk da haka Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam doka ce a Najeriya, lauya zai iya kafa hujja da ita a babbar kotu. Ko wannan hujjar za ta yi muku aiki, ya danganta da yadda aka karɓe filin da kuma tsawon lokacin da kuka yi shiru. Kada kuma ku ɗauka takardar ɗan asalin jiha ta isa. Abin da aka duba wa Ogiek shi ne daɗewa a wurin, al'ada tasu ta daban, da danniyar da suka sha. Gbagyi na Abuja sun fi kusa da wannan siffa, amma ban yi wa kowa alkawarin nasara ba.

Me za mu fara yi?

Ku naɗi muryar dattawanku yanzu suna da rai. Ku ɗauki hoton makabarta da tsofaffin rijiyoyi, ku adana rasit ɗin haraji. Kada kowa ya sa hannu a takardar diyya shi kaɗai.

An mayar wa Ogiek dajin?

Ba a mayar ba. A Nuwamba 2023, da hukuncin a hannunsu, jami'ai suka rushe musu gidaje a Sasimwani, wani yanki na dajin Mau. Lauyoyinsu suka sake komawa kotu.