Dokar sakin salamanda a daji a Amurka: wa aka hana, wa aka yarje wa

Salamanda wata dabba ce mai kama da ƙadangare, amma dangin kwaɗo ce, fatarta laushi gare ta kuma ba ta rabuwa da danshi. Babu ƙasar da ta kai Amurka yawan nau'o'inta, kuma mutane da dama a can suna kiwonta a gida. Idan mai kiwo ya gaji, ko tausayi ya kama shi, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne ya kai ta bakin rafi ya sake ta. A jihohi da yawa yin hakan ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma a ganina dokar tana da hujja mai ƙarfi.

Hujjar farko cuta ce. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka gano wata ƙwayar cuta dangin funfuna, wadda ake kira Bsal, bayan ta kusa ƙarar da wani nau'in salamanda a ƙasar Holan. Cutar tana cin fatar dabbar har ta yi gyambo, alhali da fatar take shan ruwa da iska. Ana kyautata zaton daga Asiya ta fito ta hanyar cinikin dabbobin kiwo, domin wasu nau'o'in can suna ɗauke da ita ba tare da nuna wata alama ba. Saboda haka a watan Janairun 2016 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta sanya nau'o'i 201 cikin jerin dabbobi masu cutarwa a ƙarƙashin dokar Lacey ta 1900, wato ta haramta shigo da su ƙasar sai da izini na musamman, kamar na bincike. Wannan doka ta tarayya ƙofar shigowa take tsarewa. Batun sakin dabba a rafi kuwa galibi yana hannun jihohi.

Hujja ta biyu gurɓacewar iri ce, kuma Kalifoniya ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1950 masu sayar da koton kamun kifi suka kawo wani nau'in salamanda daga Texas suka zuba a tafkunan kwarin Salinas. Baƙin suka yi barbara da na gida, aka samu 'yan ruwa biyu waɗanda suka fi girma da haɗama, har suna cinye 'ya'yan na asali. Yau nau'in na asali yana cikin waɗanda dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1973 take karewa, kuma jihar ta hana mallakar salamandar Meziko da ake kira axolotl ba tare da izini ba.

Duk da haka dokar ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. A jihar Missouri akwai wata ƙatuwar salamanda mai suna Ozark hellbender, wadda tsawonta kan kai santimita 60, tana ɓuya ƙarƙashin faffaɗan duwatsu a cikin ruwa mai sanyi da gudu. An sanya ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2011, kuma a wannan shekarar gidan namun daji na St. Louis ya yi nasarar hayayyafa ta a karon farko a hannun ɗan Adam. Tare da sashen kare muhalli na jihar, ana rainon 'ya'yan na tsawon shekaru har su yi girman da kifi ba zai haɗiye su ba, a gwada lafiyarsu, a sa musu alama a ƙarƙashin fata, sannan a mayar da su kogin da iyayensu suka fito, ba wani kogi dabam ba. Ta wannan hanya an saki fiye da 10,000, idan aka haɗa da 'yar uwarta da ake kira eastern hellbender.

Mai kiwo a gida ba shi da ɗakin gwaji, sau da yawa ma bai san asalin dabbarsa ba. Abin da hukumomi suke nema daga gare shi shi ne ya mayar da ita inda ya saya, ko ya miƙa ta ga wani mai kiwo ko cibiyar karɓar dabbobi, kuma ko ruwan da take ciki kada ya zubar a waje sai ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa da bilic.