Babu tsutsa a cikin haƙori

Tun muna yara a Katsina muke jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Har yau akwai masu magani da ke turara wa mutum hayaƙi a baki, su nuna masa wasu 'yan abubuwa farare a ruwa, su ce ga tsutsar ta fito. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mai ciwon yakan koma gida da ramin haƙorinsa yadda yake.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna zaune a dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da aka sha shayi mai sukari, ko alewa, ko lemun kwalba, sai su ci sukarin su fitar da sinadari mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙorin sannu a hankali. Ɓawon nan ba shi da jijiya, shi ya sa ramin kan daɗe ba a ji komai ba. Ranar da zogi ya hana barci, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

A nan amfanin zuwa wurin likitan haƙori yake, duk bayan wata 6 ko aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da lafiya lau kake ji. Ƙaramin rami cike shi ake yi. Wanda ya kai jijiya kuwa sau da yawa sai cirewa.

Asuwaki yana da kyau, a riƙe shi. A haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori), safe da dare.