Waiwaye: Yadda Tiyatar Ƙashin Baya Ta Koma Ta Ƙaramin Yanka

In aka ce wa manomin shinkafa a Argungu ko Suru za a yi masa aiki a baya, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne shanyewar ƙafafu. Tsoron yana da tushe. A da, likita kan yi doguwar tsaga, ya ɓamɓare tsoka daga jikin ƙashi, ya cire ɓangaren ƙashin da ke rufe jijiyoyi, kafin ya isa inda ciwon yake.

A 1934 William Mixter da Joseph Barr suka nuna a Boston, Amurka, cewa ciwon da ke tashi daga ƙugu ya gangara ƙafa sau da yawa daga faifan guringuntsi yake, wanda ke tsakanin ƙasusuwan baya. Faifan ya tsage, abin cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya. Abin cirewar ɗan guntu ne, amma ɓarnar da ake yi wa tsoka a hanya ta fi shi yawa. Rage wannan ɓarna likitoci suka sa a gaba tun daga lokacin.

Lyman Smith ya gwada narkar da faifan da allurar wani sinadari da aka tato daga gwanda, ya wallafa sakamakonsa a 1964. Daga baya aka watsar da hanyar, domin jikin wasu kan yi mummunan bore ga allurar. A 1975 Hijikata na Japan ya zura siririn bututu ta gefen baya ya zaƙulo cikin faifan. A 1977 Yasargil a Siwizalan da Caspar a Jamus suka shigo da madubin ƙara girma, tsagar ta ragu sosai. Sai 1997 Kevin Foley da Maurice Smith suka fito da hanyar bututu da ake bi yau.

Ana kifa majinyaci bayan an ba shi maganin barci. Likita ya soka allura, ya ɗauki hoto da na'urar eksre mai motsi da ake kira C-arm, ya tabbatar da gaɓar. Mafi yawan lokuta tsakanin L4 da L5 ne, ko L5 da S1, wato sunayen da likitoci ke ba ƙasusuwan ƙasan baya, daidai ƙugu. Ya yanka kamar santimita 2, ya zura siririn bututu, ya ɗora wanda ya fi shi faɗi a kai, a jere, har a kai kimanin milimita 18. Tsokar buɗewa take yi, ba a yanke ta. Ta cikin bututun zai goge ɗan ƙashi, ya kawar da jijiyar a hankali, ya cire guntun da ya ɓullo. Da yawa kan taka ƙasa a ranar.

Ƙanƙantar kafar ita ce kuma haɗarinta. Likita ba ya ganin ƙasusuwan da ke maƙwabtaka, don haka in hoton bai fito sarai ba yana iya buɗe gaɓar da lafiyarta ƙalau. Fatar da ta lulluɓe jijiyoyi na iya yagewa, ruwan laka ya riƙa yoyo, majinyaci ya ji ciwon kai duk sanda ya miƙe, kuma ɗinke ta cikin bututu aiki ne mai wuya. Faifan ma yana iya sake ɓullowa, musamman ga wanda ya koma ɗaukar buhu da wuri.

A ganinmu, abin da ya fi muhimmanci a Kebbi shi ne tantancewa. Yawancin masu wannan ciwo kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Wasu kuma tarin fuka ne ya kama ƙashin bayansu: ga rama, ga zazzaɓin dare, ga ƙusumbi yana fitowa. Maganinsu na watanni ne, kuma zuwa wurin mai ɗori ko wanzami ɓata lokaci ne kawai. Hoton MRI, wanda ke nuna faifan da jijiyoyi sarai, ke rarrabewa, shi ya sa ake tura majinyata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Akwai wanda bai kamata ya jira ba ko kwana ɗaya: wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zuba bai sani ba, tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ƙafafu na ƙara rauni. Jijiyoyin ƙasan laka ne suka matse, kuma in aka makara, ko an yi aikin ba lallai riƙon fitsarin ya dawo ba.