'Yan ubanci ko 'yan uwantaka: yadda magoya bayan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka suka koma yi wa abokan hamayyarsu fatan nasara

Duk shekara idan watan Maris ya tsaya, wata tsohuwar muhawara takan sake tashi tsakanin magoya bayan ƙwallon kwandon jami'o'i a Amurka. Mutum ya shafe watanni huɗu yana adawa da jami'ar da ke maƙwabtaka da tasa, sai ga gasar ƙasa ta zo, an fitar da ƙungiyarsa, amma maƙwabciyar tana ciki. Wasu suna cewa wajibi ne ya koma bayanta, domin rukuninsu ɗaya kuma nasararta ɗaukaka ce ga rukunin gaba ɗaya. Wasu kuma suna ganin babu abin da zai sa su yi wa abokin gaba tafi. Wannan saɓani bai faɗo daga sama ba. Dokokin hukumar NCAA, mai shirya gasar, su ne suka haife shi sannu a hankali cikin shekaru hamsin da suka wuce.

Jami'o'in da ke buga ƙwallon kwando a babban mataki sun haura 350, kuma an kasa su rukuni-rukuni, irin su ACC da SEC da Big Ten da Big East. 'Yan rukuni ɗaya su ne suke karawa da juna daga Janairu zuwa farkon Maris, kuma tun asali maƙwabta ne, masu neman ɗalibai da 'yan wasa a yanki guda. Zamansu ya fi kama da na 'yan uba: gida ɗaya, gado ɗaya, amma kowa yana sa ido a kan rabon ɗan'uwansa. Daga cikinsu ake zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale da Amurkawa suke yi wa laƙabi da Haukan Maris. A 2025 ƙungiyoyi 68 ne suka shiga, 31 sun samu gurbi kai tsaye saboda sun cinye kofin rukuninsu, sauran 37 kuma wani kwamiti ne ya zaɓe su.

A farkon al'amari babu wannan tambaya ko kaɗan. Gasar ta fara ne a 1939 da ƙungiyoyi takwas, inda Oregon ta doke Ohio State da maki 46 da 33, kuma har zuwa 1974 doka ba ta yarda rukuni ɗaya ya tura fiye da ƙungiya ɗaya ba. Saboda haka ɗan rukuninka shi ne babban shingen da ke tsakaninka da gasar ƙasa, idan ya shiga to kai ka zauna a gida. A 1971 jami'ar USC ta ci wasanni 24, ta sha kashi sau biyu kacal, kuma duka biyun a hannun maƙwabciyarta UCLA ne, amma haka ta kalli gasar daga nesa.

Abin da ya karya wannan doka ya faru ne a garin Greensboro, ranar 9 ga Maris, 1974, a wasan ƙarshe na kofin rukunin ACC. NC State, wadda take ta ɗaya a ƙasar a lokacin, tana da David Thompson, ta haɗu da Maryland ta koci Lefty Driesell, wadda ita ma tana cikin biyar na sama, da 'yan wasa irin su Len Elmore da Tom McMillen da John Lucas. Kowa a cikin ɗakin wasan ya san cewa wanda ya faɗi a daren nan kakarsa ta ƙare. An tashi kunnen doki, aka je ƙarin lokaci, NC State ta yi nasara da 103 da 100. Daga nan ta wuce ta fitar da UCLA, wadda ta shekara bakwai a jere tana ɗaukar kofin, sannan ta doke Marquette a wasan ƙarshe. 'Yan wasan Maryland kuwa, da aka gayyace su ƙaramar gasar NIT, sai suka ƙi zuwa. Ganin ƙungiya mai wannan ƙarfi ta zauna a gida ya sa hukumar ta sauya tsari: a 1975 aka ƙara yawan ƙungiyoyi zuwa 32, aka kuma bar rukuni ya tura biyu. Shekara guda bayan haka Indiana da Michigan, dukkansu 'yan Big Ten, suka haɗu a wasan ƙarshe. A 1980 aka cire ƙayyadewar gaba ɗaya.

Daga wannan lokaci ƙarfin rukuni ya zama abin da ake aunawa, ake kuma tinƙaho da shi. Big East, wanda Dave Gavitt ya kafa a 1979, shi ne ya fara nuna amfanin hakan a fili. A 1985, shekarar da aka mayar da gasar ta ƙungiyoyi 64, uku daga cikin huɗun ƙarshe 'ya'yansa ne: Georgetown da St. John's da Villanova. Villanova ta doke Georgetown da 66 da 64, kuma rukunin da bai wuce shekara shida da kafuwa ba ya zama abin da gidajen talabijin da matasan 'yan wasa suke rububi.

Amma alfahari kaɗai da bai isa ya sa mutum ya so nasarar abokin hamayyarsa ba. Abu biyu ne suka ɗaure 'yan rukuni da igiya ɗaya. Na farko shi ne ma'aunin da kwamitin zaɓe yake dubawa. A 1981 aka shigo da lissafin da ake kira RPI, wanda kashi 25 cikin 100 kawai na makin ƙungiya yake fitowa daga nasarorinta, kashi 50 daga nasarorin waɗanda ta kara da su, sauran 25 kuma daga na abokan karawar abokan karawarta. Tunda fiye da rabin wasannin kowace jami'a da 'yan rukuninta take yi, ƙarfinsu ya zama ƙarfinta, rauninsu kuma ya zama nata. A 2018 aka maye gurbinsa da NET, tare da kasa nasarori hawa huɗu. Idan ka doke wata ƙungiya a gidanka alhali tana cikin 30 na sama, wannan nasara ce ta hawa na ɗaya. Idan daga baya ta yi ta faɗuwa har ta gangara zuwa ta 33, nasarar taka ta sauko hawa na biyu ba tare da ka taɓa ƙwallo ba. Shi ya sa za ka ga mai goyon bayan wata jami'a yana bin sakamakon wasan da ƙungiyarsa ba ta ciki, yana lissafin inda wadda suka doke a watan jiya ta tsaya. Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo zai gane wannan hali, domin haka magoya bayan ƙungiyoyin Ingila suke lissafin makin da ƙasar take tarawa a gasannin Turai saboda ƙarin gurbin gasar zakarun nahiyar.

Na biyu shi ne kuɗi. Kafin 1991 jami'ar da ta yi nisa a gasar ita ce take samun kaso mafi tsoka, har ana kukan cewa jifa ɗaya ta ɗalibi ɗan shekara goma sha tara tana iya jawo asarar dubban ɗaruruwan daloli. Bayan gidan talabijin na CBS ya sayi haƙƙin nuna gasar a kan dala biliyan 1 na shekara bakwai, sai aka sauya tsarin rabon. A sabon tsarin, kamar yadda yake har zuwa 2025, kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar, ban da wasan ƙarshe, yana jawo kaso ɗaya, ana biyansa cikin shekara shida, kuma asusun rukuni ake zuba shi. A 'yan shekarun nan darajar kaso ɗaya ta kai kimanin dala miliyan 2, kuma yawancin rukunan sukan raba tsakanin 'ya'yansu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: jami'ar da ko gasar ba ta shiga ba tana samun wani abu duk lokacin da maƙwabciyarta ta tsallake zagaye.

A nan ne nake ganin masu cewa a bi bayan rukuni sukan wuce gona da iri. Idan aka raba dala miliyan 2 tsakanin jami'o'i 16 cikin shekara shida, abin da zai zo wa kowacce a shekara bai fi dala dubu ashirin da 'yan kai ba, alhali manyan jami'o'in nan kasafin wasanninsu ya haura dala miliyan 100. Inda kuɗin yake da nauyi na gaske shi ne ƙananan rukuna. A 2022 ƙaramar jami'ar Saint Peter's ta birnin Jersey City ta fitar da Kentucky da Murray State da Purdue, ta kai cikin takwas na ƙarshe, kuma wasanni huɗun da ta buga sun kawo wa rukunin MAAC kaso huɗu maimakon ɗayan da ya saba samu. Ga irin waɗannan jami'o'i, goyon bayan ɗan rukuni magana ce ta kuɗin tafiye-tafiye da albashin masu horarwa. Haka kuma ma'aunin NET sabon lissafi yake farawa kowace kaka, don haka nasarar da ɗan rukuninka ya samu a ƙarshen Maris ba ta ƙara maka maki ko ɗaya a shekara mai zuwa. Wasannin da suke gina martabar rukuni a idon kwamiti su ne na Nuwamba da Disamba, lokacin da rukuna suke karawa da juna. A Disamban 2024 SEC ta ci 14 daga cikin wasanni 16 da ta yi da ACC a karawarsu ta shekara-shekara, kuma da Maris ta zo SEC ta samu gurbi 14 daga cikin 'ya'yanta 16, adadin da ba a taɓa gani ba, ACC kuwa huɗu kawai.

Sannan akwai tambayar ko gasar mako uku, wadda faɗuwa ɗaya take kore ka, tana iya nuna rukunin da ya fi ƙarfi. Tarihi ya ba da amsoshi masu karo da juna. A 2011 Big East ta shigar da ƙungiyoyi 11, biyu kawai suka kai zagayen 'yan 16, aka yi ta cewa an kambama ta fiye da kima, sai kuma Connecticut, wadda ta ci tara ta faɗi tara a wasannin rukuninta, ta ɗauki kofin. A 2021 Big Ten ta shiga da tara, Michigan ce kaɗai ta wuce zagaye na biyu, yayin da rukunin Pac-12 da aka raina ya kai uku cikin takwas na ƙarshe. Tun da Michigan State ta yi nasara a 2000, 'yan Big Ten sun kai wasan ƙarshe sau takwas zuwa 2024 ba tare da kofi ba. A 2025 kuwa sakamakon ya gaskata kwamiti, domin SEC ta kai bakwai zagayen 'yan 16, Florida ta fitar da 'yar rukuninta Auburn a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Houston da 65 da 63. A dandalin irin waɗannan wasanni ne ake jin magoya baya suna rera sunan rukuninsu harafi-harafi, al'adar da 'yan kudancin Amurka suka ɗauko daga filayen ƙwallon ƙafa irin na Amurka.

Akwai kuma hamayyar da babu lissafin da yake sanyaya ta. Duke da North Carolina nisan da ke tsakaninsu bai kai kilomita ashirin ba, kuma ba su taɓa haɗuwa a gasar ƙasa ba sai a 2022, a wasan kusa da na ƙarshe a New Orleans. North Carolina ta ci da 81 da 77, kuma wannan ne wasan ƙarshe na Mike Krzyzewski bayan shekara 42 yana horar da Duke. A takarda ranar farin ciki ce ga ACC, wadda aka ce ta yi rauni a kakar. Amma zai yi wuya a samu ɗan Duke da ya goyi bayan North Carolina kwana biyu bayan haka, lokacin da Kansas ta doke ta. Ba na ganin laifinsa, domin jami'o'in biyu matasa ɗaya suke zawarci, kuma kofin da maƙwabcinka ya ɗauka shi ne hujjar da zai nuna wa yaron da kai ma kake nema.

Abin da ya ƙara dagula maganar a baya-bayan nan shi ne rukunan kansu sun daina zama na maƙwabta. A 2024, saboda kuɗin talabijin na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, UCLA da USC da Oregon da Washington suka bar Pac-12 suka koma Big Ten, Texas da Oklahoma suka shiga SEC, Stanford da California kuma, waɗanda suke gaɓar tekun Pasifik, suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Maryland, wadda faɗuwarta a Greensboro ta buɗe wannan ƙofa, ta bar ACC tun 2014 bayan shekara 61. Yau ana neman mai goyon bayanta ya yi wa UCLA fatan nasara da sunan 'yan uwantakar rukuni, jami'ar da ke ɗaya ƙarshen ƙasar, fiye da kilomita dubu uku daga gidansa.