Suwan: Yadda Ake Gane Shi a Cikin Fararen Tsuntsayen Ruwa

Suwan babban tsuntsun ruwa ne dangin agwagwa da dinya, wanda masana suka sanya a rukunin Cygnus. Ba a samunsa a dajin Afirka ta Yamma; mazauninsa Turai ne da arewacin Asiya da Amurka da Ostareliya. Fararen nau'o'i uku ne ke haɗuwa a tafkunan Birtaniya lokacin hunturu, kuma su ne suka fi rikita mai kallo.

Daga nesa, wuya ake fara dubawa. Suwan yakan miƙe wuyansa samɓal idan yana tashi, alhali balbela da kwasakwasa naɗe nasu suke yi. Fikafikan farin suwan kuma ba su da ko ɗigon baƙi, saɓanin farar dinyar Arewacin Amurka mai gajeren wuya da baƙin bakin fiffike.

Idan an matso kusa, baki ne ke raba gardama. Nau'in Cygnus olor, wanda ake yi wa laƙabi da bebe duk da cewa yana huci da gurnani, bakinsa ruwan lemo ne, da baƙin ƙululu a gindinsa. Yakan lanƙwasa wuya, ya ɗaga fikafikai bisa gadon baya idan ya fusata, kuma faɗinsu a buɗe ya haura mita 2. Cygnus cygnus, mai yawan kuka, wanda ke zuwa daga Aisland, bakinsa rawaya ne da baƙi, rawayar ta tsinke gaba har ta wuce kafar hanci. Na uku, suwan Bewick da ke hayayyafa a arewacin Rasha, ya fi su ƙanƙanta, rawayarsa kuma dunƙulalliya ce, ba ta kai kafar hanci ba. Zanen bakin kowane suwan Bewick daban yake da na ɗan'uwansa, shi ya sa Peter Scott, wani masanin tsuntsaye ɗan Birtaniya, ya fara zana su ɗaya bayan ɗaya a Slimbridge, wata matattarar tsuntsayen ruwa a Ingila, a 1964 domin gane waɗanda ke dawowa kowace shekara.

Launin gashi kaɗai ba abin dogaro ba ne. 'Ya'yan suwan toka-toka suke a shekararsu ta farko, kuma manyan da ke kiwo a ruwa mai sinadarin ƙarfe kawunansu kan rine kamar tsatsa.